Babi na Bakwai: Sallama da Zikiri a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kudancin Katsina ƙasar noma ce. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari, daga Faskari zuwa Sabuwa da ke iyaka da Jihar Kaduna, masara da dawa da auduga da waken soya su ke riƙe da gidaje, kuma da damina manomi ba ya wasa da safiyarsa. Duk da haka, saurayin da ya saɓa fartanya zai tafi gona, in ya ci karo da ƙanin mahaifiyarsa a hanya, ba ya wucewa. Zai sauke fartanyar, ya rage tsawo, ya fara.

"Salamu alaikum. Kawu, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Yaya mutan gidan?"

"Suna lafiya, suna gaishe ka."

"Ina amsawa. Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka, ya ba mu damina mai amfani."

"Amin, Kawu."

Wanda ya saurari wannan musaya da kyau zai ga babu wani sabon labari a cikinta. Kowa ya san amsar kafin a ba shi. Abin da ke ciki godiya ce da addu'a, daga farko har ƙarshe. An tambayi aiki, a ce da godiya. An tambayi labari, a ce sai alheri. An tambayi sanyin hunturu ko zafin bazara, a ce lokacinsa ne. Majinyacin da ya kwana bai runtsa ba, in aka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Manomin da ruwa ya kwantar masa da masara, shi ma cewa zai yi ruwa ya yi gyara.

Wannan ladabi ne da Bahaushe ke yi wa Ubangijinsa. Ba ya yarda kuka ya riga godiya fita daga bakinsa. Sai an gama gaisawa tsaf, an ɗan yi shiru, sannan za ka ji ya ce "sai dai fa," ya faɗi abin da ke damunsa. Ya faɗi gaskiya, amma ya ajiye ta a bayan hamdala. Hatta kalmomin da gaisuwar ta ginu a kansu daga harshen addini suka zo. Lafiya daga Larabci take, kuma a can tana nufin kuɓuta daga cuta da bala'i gaba ɗaya. Barka kuwa 'yar'uwar albarka ce, shi ya sa mai cewa barka da asuba ko barka da shan ruwa addu'a yake yi ko bai lura ba.

Abin da sallama ta ɗora wa mai yin ta

Ƙofar wannan gaisuwa duka ita ce sallama. Ɗaliban makarantun zaure a wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, suna tarar da hukuncinta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya da ya rasu a shekarar 996. Can suke koyon cewa fara sallama sunna ce, amsawa kuwa wajibi, kuma in mutum ɗaya ya amsa a cikin jama'a ya ɗauke wa saura. Tushen hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 86, wadda ta umarci wanda aka gaida ya mayar da abin da ya fi kyau ko aƙalla daidai da wanda aka yi masa. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna gajeriyar sallama lada goma take da shi, wanda ya ƙara da roƙon rahama ya sami ashirin, wanda ya cika da roƙon albarka ya sami talatin.

Shari'a ta kuma tsara wanda zai fara. Na kan abin hawa ya gaida mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya gaida na zaune, ƙaramin taro ya gaida babba, yaro ya gaida dattijo. Hikimar a fili take: wanda ya iso, ko wanda yake bisa, shi ya kamata ya fara kwantar wa ɗan'uwansa da hankali. Mai babur da ya biyo ta gefen gona ya yi wa masu noma sallama ya shaida masu cewa da alheri ya zo.

As-Salam ɗaya ne daga cikin sunayen Allah, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Hashri, kuma Alƙur'ani ya kira Aljanna gidan aminci. Saboda haka mai sallama abu biyu yake yi a numfashi ɗaya. Yana roƙa wa ɗan'uwansa aminci daga Mai aminci, yana kuma ɗaukar alkawarin cewa sharri ba zai fito daga gare shi ba. Wannan alkawari ne ya sa sallama ta zama mabuɗin gida. Baƙo namiji yakan tsaya a zaure, ya yi sallama, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. In ya yi sau uku ba a amsa ba, sai ya juya, ba tare da ya ji haushi ba. Da sallama ake fita daga salla, da ita ake shiga maƙabarta a gaida waɗanda suka riga mu, da ita ake bankwana. Tana tare da Musulmi daga asuba har kwanciya, kuma tana bin sa har bakin kabari.

Jiki ma yana gaisuwa

Ba baki kaɗai ke gaisuwa ba. Yarinya takan durƙusa ta gaida Inna ko Gwaggo, suruki yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, almajiri yakan tsuguna ya ce Allah shi gafarta malam. Tsara da tsara sukan yi musafaha, kowa ya kai hannu ƙirji. A fadar hakimi, ko ta Sarkin Pauwan Katsina a Ƙanƙara ko ta Sarkin Yamman Katsina a Faskari, talaka yakan yi jinjina ya ce ranka ya daɗe, fadawa su amsa masa.

Iyakar wannan girmamawa tsohuwar muhawara ce. A shekarar 1352 Ibn Batuta ya ga fadawan Mansa Sulaiman na Mali suna zuba wa kansu ƙasa in za su gaida sarki. Irin wannan al'ada, wadda Hausawa ke kira afi, ta wanzu a fadojin ƙasar Hausa har zuwa zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya lissafa ta cikin ɗabi'un mulkin da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawarar ta sake tasowa a kan durƙuso da sunkuyawa. Wasu malamai suka ce ruku'u da sujada haƙƙin Allah ne, don haka duk abin da ya yi kama da su a bar shi. Wasu suka ce rage tsawo ga iyaye ladabi ne, ba bauta ba. Har yau za ka ga gida ɗaya da wa yana tsugunawa, ƙane yana miƙa hannu a tsaye. Amma dukansu sun haɗu a kan abu biyu: goshi ba ya taɓa ƙasa sai don Allah, kuma ba a wuce babba ba gaisuwa.

Yadda mutanen Indiya ke yi

Akwai wata al'umma mai nisa da Bahaushe ya san gaisuwarta tun kafin ya san ma'anarta. Fiye da shekaru sittin ke nan finafinan Indiya suna yawo a Arewa, daga majigin sinima zuwa kaset, zuwa fassarar Hausa da matasa ke kallo a waya yau. Yaro a Sheme ko Ƙetare ya ga jarumi ya haɗa tafin hannuwa a ƙirji ya ce namaste, ya kuma ga amarya ta sunkuya ta taɓa ƙafar surukarta. Sanin abin da suke nufi zai taimaka mana mu gane namu.

A ƙidayar 2011, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya mabiya addinin Hindu ne. Musulmi sun haura kashi 14, wato kimanin mutum miliyan 172, kuma sallama suke yi irin tamu. Namaste daga tsohon harshen Sanskirit take, ma'anarta na rusuna maka. Malaman Hindu da yawa suna bayanin cewa rusunawar ba ga jikin mutum take ba, ga ruhin da ke cikinsa take, wanda suke kira atman, kuma a aƙidar wasunsu wannan ruhi ɗaya yake da asalin dukkan halitta. Taɓa ƙafar babba neman albarka ne, shi kuma babban yakan ɗora hannu a kan yaron ya roƙa masa tsawon rai. A ƙauyukan arewacin Indiya manoma sukan gaisa da maimaita sunan Ram, a Gujarat kuma da ambaton Krishna, domin suna son kowace haɗuwa ta zama dalilin tuna abin bautarsu.

Suna da kalmomin da suke maimaitawa a ibada, waɗanda suke kira mantra. Mafi girma a wurinsu ita ce Om. Wani ɗan ƙaramin littafinsu mai suna Mandukya Upanishad ya kasa wannan sauti kashi uku, ya danganta su da farke da mafarki da barci mai nauyi, ya ce shirun da ke biyo baya shi ne hali na huɗu da ya wuce su duka. Akwai Gayatri, baiti mai gaɓa 24 daga Rig Veda, wanda ake karantawa da fitowar rana da faɗuwarta, ana roƙon Savitar, abin bautar da suka danganta da rana, ya haskaka hankali. Sukan rufe addu'o'insu da kalmar shanti, wato aminci, sau uku, don neman tsari daga wahalar da ke fitowa daga jikin mutum da zuciyarsa, da wadda ke zuwa daga sauran halittu, da wadda ke saukowa daga sama kamar fari da ambaliya. Carbinsu, mala, ƙwaya 108 gare shi.

Bambancin aƙida a nan babba ne, kuma ɓoye shi ba adalci ba ne ga kowane ɓangare. Musulmi ya yi imani Mahalicci ɗaya ne, ba ya shiga cikin halittarsa, ba ya kama da ita. Shi ya sa sallamarsa ba ta girmama wani allantaka a jikin wanda ya gaida, tana roƙa masa ne daga Allah. Duk da wannan rata, akwai abin lura. Manomin Gujarat da manomin Sabuwa, kowa a bisa imaninsa, sun ƙi yarda haɗuwar mutum da mutum ta wuce ba a ambaci abin da ya fi su ba. Kuma babbar buƙatar da su biyun ke maimaitawa ita ce aminci.

Harshe ya maimaita, zuciya ta kama

Kamar yadda sallama ke gyara tsakanin mutum da mutum, zikiri ke gyara tsakanin bawa da Ubangijinsa. Mafi yaɗuwarsa shi ne wanda kowa ke yi bayan sallar farilla: tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33, a cike na ɗari da kalmar tauhidi. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba ta san wannan lissafi, da carbi ko da gaɓoɓin yatsu.

Mabiya ɗariƙar Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas a 1815 ya kafa, suna da lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Suna da wazifa da ake yi cikin jam'i, an kewaye farin ƙyalle: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ranar Juma'a bayan la'asar kuma su zauna zikiri har faɗuwar rana. Ɗariƙar ta ƙara ƙarfi a ƙasar Hausa bayan haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Jerin da ke cikin lazimi da wazifa yana da ma'ana. Da istigfari ake farawa domin wanke zuciya, a bi da salati domin tuna wanda shiriya ta zo ta hannunsa, sannan a shiga hailala, wadda rabinta na farko ke kore duk wani abin bauta, na biyun ya tabbatar da Allah shi kaɗai. Manomi ya san wannan tsari daga gonarsa, domin sai an yi sharar gona ake shuka.

'Yan Ƙadiriyya, masu bin tafarkin Shehu Abdulƙadir Jilani da ya rasu a Bagadaza a 1166, suna da nasu wuridin, kuma ita ce ɗariƙar Shehu Ɗanfodiyo. Ahlus Sunna na Izala suna tsayawa a kan azkar na safe da maraice kamar yadda suka zo a hadisi, ba sa yarda da ƙididdiga ko zaman da ba su ga nassinsa ba. Saɓanin na gaske ne, an yi wa'azi da rubuce-rubuce a kansa. Amma babu wani ɓangare da ya ce a bar ambaton Allah. A kan siga da adadi ake jayayya.

Akwai kuma yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ake rerawa. Ishiriniya ta Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, ta samo sunanta ne daga baitoci ashirin da ke ƙarƙashin kowane harafi. Ana rera ta a watan Maulidi da dararen azumi, kuma ƙasar Katsina ta daɗe da ita: Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta mata sharhi. Wannan yanki na kudu bai yi nisa da irin wannan ilimi ba, domin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ke ƙaramar hukumar Tsafe ta Zamfara a yau, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara ce, kuma a da tana cikin ƙasar Katsina.

A fagen yabo ne sautin Indiya ya shigo har cikin majalisin bege. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya a Kano da ya rasu a 1996, ya yaɗa amfani da bandiri a zikiri. Daga baya wasu matasa masu bege, ciki har da ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa yabon Annabi da Hausa, abin da masani Brian Larkin ya yi nazari a kai. Hujjarsu ita ce tunda matasa sun riga sun kamu da son karin, gara a cika shi da yabo. Masu suka kuma suka ce karin da aka yi don soyayya, wani ma don bautar wani abu daban, bai dace da yabon fiyayyen halitta ba. Duka ɓangarorin sun yarda cewa sauti yana da iko a kan zuciya, kuma abin da baki ya yawaita faɗa shi zuciya ke komawa.

Lokacin da "lafiya lau" ta yi nauyi

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ga shekarun da suka sa kowace kalma ta gaisuwa ta dawo da cikakken nauyinta. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. A ranar 17 ga watan aka sako 344. A kwanakin da ke tsakani, "Allah ya bayyana su" ita ce gaisuwar gari, a ranar dawowa kuwa "barka da arziki" ta fito daga bakunan da ke kuka. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Ɗan da ke Kano ko Legas ya wayi gari ba shi da hanyar ce wa mahaifiyarsa ina kwana, sai dai ya ba direba sallahu.

A irin wannan hali, "an kwana lafiya?" tambaya ce ta gaske, mai yin ta yana jiran amsa da faɗuwar gaba. "Yaya hanya?" ta zama abin da ake tambayar duk wanda ya biyo titin Funtua zuwa Gusau. Jaje ya yawaita: Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri, yaya muka ji da haƙuri. Limamai suka riƙa alƙunutu, tsofaffi suka ƙara riƙe carbi. Waɗannan kalmomi ba su tare harsashi ba, kuma ba su sauke wa hukuma nauyin tsare rayuka ba. Amma su suka hana wanda aka yi wa ɓarna jin cewa shi kaɗai ne, su suka kai maƙwabta ƙofar gidan makoki da kwanon tuwo da addu'a.

Babbar asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce yankewar gaisuwa tsakanin maƙwabta. Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya, wannan ya kawo hatsi, waccan ta kawo nono, shanu su kwana a gona bayan girbi su bar taki. Gaisuwar Fulatanci ma a kan jam ta ginu, wato lafiya da aminci. Da zargi ya shiga, mutanen da suka san sunayen 'ya'yan juna suka koma kallon nesa, mai laifi da marar laifi aka haɗa su a kwando ɗaya. Annabi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma nuna cewa mafi alherin biyun shi ne wanda ya fara sallama. Hausawa suka ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Duk sulhun da za a ƙulla a teburin gwamnati, sai ya sauko bakin rijiya da rumfar kasuwa kafin ya zama zaman lafiya.

Saboda haka nauyin yana kanmu. Iyaye su koya wa 'ya'yansu cikakkiyar sallama da ma'anarta, kada ta taƙaice ta koma haruffa uku a saƙon waya. Malaman allo da na Islamiyya su bayyana wa ɗalibai abin da suke faɗa in suna tasbihi, domin zikirin da aka fahimta ya fi zama a zuciya. Mai wazifa da mai azkar su gaisa a ƙofar masallaci, kowa ya riƙe hujjarsa ba tare da ya ɗauke fuska ba. Kai kuma mai karatu, in ka yi wa mutum sallama, ka sani ka ɗauki alkawari da sunan Allah cewa ya tsira daga hannunka da harshenka. Ka cika wannan alkawari, kuma ka zama mai fara gaida maƙwabcin da kuka daɗe ba ku gaisa ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.